Kada Ka Rufe Kunnenka da Wuri

Ɗana, matso kusa in gaya maka wata magana a kan kiɗa da waƙa, domin na lura ku yaran yanzu kun ɗauka duk wanda furfura ta kama, to kunnensa ya rufe ke nan tun ranar da Shata ya rasu, alhali ku ma kowannenku ya kama mawaƙi ɗaya ko biyu ya ƙanƙame, duk abin da ba nasu ba bai ma yarda ya ji farkonsa ba.

Mu da muka tashi a birnin nan, gaskiya ne kalangu ne ya raini kunnenmu, kuma ba ma jin kunyar faɗin haka, domin Alhaji Mamman Shata namu ne, a Musawa aka haife shi, ya rasu a 1999 aka kai shi makwanci a Daura, bayan Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Amma ko a wancan zamani ba abu ɗaya muke ji ba. Ranar hawan Sallah tambura da kakaki da algaita ke tashi a Ƙofar Soro, Rediyon Kaduna ya kawo mana kotson Musa Ɗanƙwairo da kuntigin Ɗanmaraya Jos da gurmin Haruna Uji, in ka shiga cikin gida ranar biki ka tarar iyayenmu mata sun kifa ƙwarya a ruwa suna bin Barmani Coge ta Funtuwa, ga kuma waƙoƙin Indiya da samari ke haddacewa a silima ba tare da sun san ma'anar ko kalma guda ba.

Sai da na ajiye aiki, hidima ta yi sauƙi, jikoki suka cika mini katin waya da kaɗe-kaɗe, sannan na haɗu da wani bawan Allah ɗan ƙasar Mali, Ali Farka Ture, mutumin Niyafunke a bakin kogin Kwara, wanda ya rasu a 2006. Jita yake kaɗawa, amma in ka natsu za ka rantse gurmi ne a hannunsa, kuma yana goga wata ƴar kukuma mai tsirkiya ɗaya, irin wadda muka sani a hannun su Ahmadu Doka. Ba na jin yarensa, amma na gane gidan da kiɗan ya fito, domin ƙasar rairayi ce da gero da fatake kamar tamu. Turawan Amurka sun ba shi kyautar Grammy, suna mamakin yadda kiɗansa ya yi kama da na baƙaƙen fatarsu, shi kuwa bai daina noma a garinsu ba har ya bar duniya, kuma wallahi wannan hali nasa ya ƙara mini son sauraronsa. Daga nan na bi hanya na isa Agadas, wurin samarin Buzaye masu jita irin su Bombino, na dawo Maraɗi wurin marigayi Sa'adu Bori, garin da ke nan kusa da mu, ka bi ta Jibiya ka tsallaka iyaka kawai.

Wadda ta fi koya mini haƙuri ita ce Ummu Kulsum ta Masar, wadda ta rasu a 1975. Waƙarta ɗaya takan kai awa guda, makaɗa su daɗe suna share fage kafin ta buɗe baki, in ta buɗe kuma ta riƙe baiti ɗaya ta yi ta juya shi, kowane juyi da irin nasa nauyi, jama'a suna roƙon ta maimaita. A zamaninta, daren Alhamis ɗin farko na wata mutanen Alƙahira sukan tattaru gaban rediyo saboda ita. Wanda ya saba danna waya ya tsallake waƙa tun ba ta yi minti ɗaya ba, ba zai taɓa sanin abin da ke cikin wannan ba.

To a nan maganata take, ɗana. Kunne kamar baƙo yake a gidan da bai sani ba, ranar farko komai banbaraƙwai yake ji, sai ya kwana ya tashi sannan ya san inda randa take. Saboda haka in ka ji kiɗan da bai yi maka ba, kada ka yi saurin cewa shirme ne, ka ba shi lokaci ka sake ji, domin mutumin da ya iya zama ya saurari abin da bai saba ba, shi ne zai iya sauraron matarsa ranar da ta zo da maganar da ba ya so, ya saurari abokin ciniki Bayarabe ko Ba'abzine a Babbar Kasuwa, ya saurari ɗan da ya haifa ranar da ɗan ya zo da ra'ayin da ya saɓa wa nasa. Na ga dattawa da dama da suka ƙare su kaɗai a zaure, ba don ƴaƴansu sun ƙi su ba, sai don duk abin da yaro ya kawo an kushe shi, har yaran suka daina kawowa. Wannan kaɗaici ba ranar tsufa yake farawa ba, tun mutum yana kamarka yake ginin sa.

Naku ma ina ji. Aminu Ala yana da Hausa mai tsabta da tsarin baiti, Nura M. Inuwa yana da taushin zuciya, kuma na ga yadda matan aure suka yi ta rawa da waƙar Hamisu Breaker a 2020 har gari ya ɗauka. Abin da nake kewa shi ne ƴan amshi da makaɗa masu rai, waɗanda ke duban bakin ubangidansu su san inda zai karya, domin fiyano da kwamfuta ba sa duban fuskar kowa. Wannan ra'ayina ne, kuma bai hana ni saurare ba.

Sai dai buɗe kunne ba ya nufin zubar da ma'auni. Waƙar da ke zagin iyayen wani, ko ta batsa, ko wadda ake yi don a tunzura jama'a lokacin siyasa, komai daɗin kiɗanta ka bar ta, domin abin da kunne ya yawaita ji baki zai furta wata rana. In an kira salla ka kashe, in dare ya yi ka rage sauti saboda maƙwabci mai jinya, kuma wanda ya bi fatawar malaminsa ya ƙaurace wa kiɗa gaba ɗaya, ka girmama shi kada ka kunna a gabansa.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ka zo da wayarka, ka zaɓo mini uku daga cikin waɗanda kake so, ni kuma in sa maka Narambaɗa. Ka taho da ƙanwarka, domin kakarku tana da waƙoƙin daka da na reno da babu wanda ya taɓa ɗauka, kuma ta ce za ta yi muku in kun zo da na'urar ɗaukar murya.