Keken Guragu da Koyon Sarrafa Shi

Sanin kowa ne cewa a ƙasar Hausa, musamman cikin watan azumi, masu hali da hukumomi sukan tara jama'a su raba kekunan guragu, a yi addu'a, a ɗauki hoto, kowa ya watse, alhali ba wanda ya tambayi ko wane ne zai koya wa yaron tafiya da keken da aka ɗora shi a kai. Sadaka ce mai lada, babu shakka, amma wanda ya ba yaro doki bai nuna masa riƙon linzami ba, da sauran aiki a gabansa.

Ko da yake Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a watan Agusta na 2020 cewa asalin ƙwayar shan inna ta ƙare a Afirka, bayan an ga ta ƙarshe a Borno a 2016, waɗanda ta riga ta shanye wa ƙafafu suna nan tare da mu, ga kuma waɗanda haɗarin mota ko lalurar haihuwa ta zaunar.

Sharaɗin farko shi ne keken ya dace da jikin yaron, domin keken babba, in aka sa ƙaramin yaro a ciki, sai ya karkata gefe guda, hannunsa ya kasa kai wa taya, ƙashin bayansa kuma ya lanƙwashe sannu a hankali. Bayan haka sai darasi, daki-daki: ya tura tayoyi da doguwar turawa maimakon gajeru masu gajiyar da kafaɗa, ya juya cikin ƙunci, ya danne birki kafin ya sauka, ya kuma iya tashi daga tabarma zuwa keke da kansa, tunda a gidajenmu ci da karatu da salla duk a ƙasa ake yinsu. Yaron da ciwon laka ya ɗauke masa ji a ƙugu, wajibi ne ya saba ɗaga jikinsa daga mazauni kowane rabin sa'a ko ƙasa da haka, don gudun gyambon zama, wanda warkewarsa takan ɗauki watanni.

Darasi mafi wuya, kuma mafi fa'ida, shi ne ɗaga ƙananan tayoyin gaba a tsaya bisa manyan na baya. Iyaye sukan ɗauka wasan banza ne, su hana. Haƙiƙa kuwa da shi ake haye dokin ƙofar zaure, da shi ake ƙetare bakin kwata, da shi ake ratsa rairayin lungu inda ƙananan tayoyi suke nutsewa. Ana koyonsa ne babba yana tsaye a baya, a shirye ya tare, har yaro ya gane ma'aunin jikinsa. Ma'aikatan gashin ƙashi, irin na Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, su ya kamata a nema su nuna wannan tun farko.

A ganina, babban cikas tausayin iyaye ne, irin wanda yake sa a tura yaro ko'ina, har ya balaga bai taɓa zuwa makarantar allo shi kaɗai ba. Malaman tarihi sun ruwaito cewa Sahabi Amru ɗan Jamuhu, Allah ya yarda da shi, mai ɗingishi ne ƙwarai, 'ya'yansa suka so su tsare shi a gida ranar Uhudu saboda uzurinsa, ya ƙi, aka kuwa bar shi ya fita.

Sai dai ƙwarewa ba ta hawa matakala. Dokar hana wariyar naƙasassu da aka sa wa hannu a Nijeriya a watan Janairu na 2019 ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara 5 su gyara mashigarsu, wa'adin kuwa ya cika. Shugaban makarantar da zai sa magini aiki ya gaya masa ƙa'ida: duk tudun ƙafa 1 yana bukatar gangara mai tsawon ƙafa 12, in ta fi haka tsaye, keken yana iya kifewa da yaron ta baya.