Manoman Inabi A Ƙasar Indiya Da Irin Taimakon Da Ya Amfane Su

A yammacin ƙasar Indiya akwai wata jiha da ake kira Maharashtra. Ita ce mai babban birnin nan na bakin teku, Mumbai, wanda a da ake ce masa Bombay. In mutum ya bar Mumbai ya nufi arewa maso gabas, ya hau duwatsu, bayan tafiyar wajen mil 100 sai ya isa Nashik. Nan ne cibiyar noman inabi ta ƙasar Indiya. Jihar nan ita kaɗai tana fid da wajen kashi 2 cikin 3 na inabin ƙasar duka, ko ma fiye, yawancinsa kuwa daga lardunan Nashik da Sangli da Solapur da Puna yake fitowa.

Masu noman nan ba wasu manyan attajirai ba ne. Da yawansu eka 2 ke gare su, ko 3, ko 5. Duk da haka inabinsu yana kaiwa kantunan Holan da Ingila da Jamus. To, ƙaƙa mai eka 3 ya kai kayansa Turai, kayan da in an tsinke da safe aka bar shi cikin rana, kafin la'asar ya fara yaushi?

Sai an san halin itacen tukuna. A ƙasashen sanyi inabi yakan zub da ganye ya yi barci da hunturu, in bazara ta zo ya farka don kansa. A Nashik ba irin wannan sanyi. Daminarsu daga Yuni take zuwa Satumba, sauran shekara rani ne, kusan dai yadda ake yi a Kano ko Zariya. Itacen ba ya barci, saboda haka manomi ne ke tsara masa shekara da almakashi. Cikin Afrilu akan yi masa aski ƙwal, a datse rassan duka, don ya fid da sababbi su ƙosa cikin damina. Cikin Oktoba a sake datsewa, wannan karo don 'ya'ya. Akan shafa wa idanun reshe magani don su tsiro tare, a tsoma kowane nonon inabi cikin wani magani don 'ya'yan su yi girma, a bi da hannu ana rage waɗanda suka cunkushe. Girbi yakan kama daga Janairu zuwa Afrilu, watau cikin rani, sa'ad da gonakin inabi na Turai ba ko ganye.

Aikin yana cin kuɗi tun kafin ya ba da kome. Sai an kafa turaku na ƙarfe ko na dutse, an ja waya an yi rumfa, an shimfiɗa bututun ban ruwa mai ɗigo, kana a jira shekara biyu ko uku. Wanda ya ci bashi ya yi wannan duka, kuskuren mako guda wajen aski ko feshi ya isa ya hana shi barci shekara guda.

Don haka taimakon farko da suka nema na sani ne, kuma su suka yi wa kansu. A 1960 manoman suka kafa jam'iyyarsu ta masu gonakin inabi ta jihar, wadda da harshensu na Marathi suke kira Draksha Bagaitdar Sangh, babban ofishinta yana Puna. Tana buga mujalla da harshen da manomi ke ji, tana kiran taro kowace shekara inda masana da manoma ke zama wuri guda, tana da ɗakunan awo inda mutum ke kai ƙasar gonarsa da ruwan rijiyarsa da ganyen itacensa a gaya masa abin da ya rage. Tana kuma sayo magani da taki da yawa, ta sayar wa 'ya'yanta. Abin sha'awa shi ne, waɗansu irin da aka fi nomawa a can ba daga ofis suka fito ba. Uwar irin ita ce Thompson Seedless, kore marar ƙwallo, amma manoma ne suka lura da rassan da suka bambanta cikin gonakinsu, suka ware su suka yaɗa. Haka aka sami Sonaka mai dogayen 'ya'ya a lardin Solapur, da Tas-A-Ganesh a lardin Sangli.

Sani kaɗai bai raba su da dillalai ba. Inabi ba gyaɗa ba ne da za a zuba a rumbu a jira kuɗi ya hau. In ya nuna sai a sayar, kuma mai saye ya san haka sarai. A 1991 jam'iyyun gama kai 16 na manoman inabi suka haɗu suka kafa Mahagrapes, don su riƙa aika kayansu ƙetare da suna guda. Hukumomin Gwamnati suka ba da rance da gudummawa, aka gina wa jam'iyyun ɗakunan sanyi kusa da gonaki. A farkon al'amari sun sha kashi, gama kaya da yawa sun isa Turai aka ƙi karɓa. Daga wannan asara suka koyi aikin.

Ga yadda ake yi. Akan tsinke inabin da sassafe kafin rana ta yi zafi. A kai shi rumfar shiri, mata su bi kowane nono da ɗan almakashi suna cire fasasshe da ƙanana, a auna a sa cikin kwali tare da wata takarda mai hayaƙin farar wuta wadda ke hana fumfuna. Sa'an nan cikin 'yan sa'o'i a shigar da shi ɗakin da ake hura masa iska mai sanyi, har zafin gona ya fita daga cikinsa, ya koma kusa da sanyin ƙanƙara. Daga nan ba ya sake ganin zafi. Motar da za ta kai shi tashar jiragen ruwa ta Mumbai mai sanyi ce, akwatin da zai shiga jirgi ma haka, har ya yi makonni bisa teku. In sanyin ya yanke a wuri guda, aikin shekara ya tafi. Ba manomi mai eka 3 da zai iya gina ko ɗaya daga cikin waɗannan shi kaɗai, ko da ya sayar da gonar. In suka kai ɗari biyu kuwa, sai abin ya yiwu.

A 1997 Gwamnatin Tarayya ta Indiya ta buɗe ma'aikatar binciken inabi ta ƙasa a Manjri, kusa da Puna. A shekarun nan ne kuma auren itace ya bazu. Rijiyoyi da yawa a can ruwansu mai zartsi ne, ga fari lokaci lokaci, itacen da ke tsaye bisa saiwarsa yakan gaji. Sai aka koma dasa wani iri mai taurin rai da ake kira Dogridge, wanda asalinsa daga Amurka ne, in ya kama a aura masa reshen irin da ake so, kamar dai yadda ake yi wa mangwaro. Ma'aikatar tana kuma fid da shawara mako mako bisa ga yadda aka hango sama za ta kasance, don mutum ya san ran da zai yi feshin maganin fumfuna da ran da zai bar kuɗinsa cikin aljihu.

Feshin nan shi ne ya jawo babbar rigima. Turawa suna da iyaka ga yawan maganin da suka yarda ya saura a jikin abinci, kuma awonsu yana gano abin da ido ba ya gani. A 2003 suka yi ƙorafi a kan inabin Indiya. Hukumar da ke kula da fitar da amfanin gona, wadda ake kira APEDA, ta tsara hanya. Duk gonar da za a aika inabinta Turai sai an yi mata rajista an ba ta lamba. Manomi ya riƙa rubuta maganin da ya fesa da ranar da ya fesa. Kowane magani da adadin kwanakin da za a jira kafin girbi. Kafin a tsinke, ma'aikacin ɗakin awo ya zo gonar da kansa ya ɗebi samfuri, in bai ci jarrabawa ba kayan ba ya tafiya. Daga baya aka ɗora wannan duka bisa intanet da sunan GrapeNet, har ya zama kwalin da ke kanti a Holan ana iya bin sawunsa zuwa gonar da ya fito. Nan akawu ya zama abokin aikin manomi, gama lamba guda da aka rubuta ba daidai ba tana iya tsai da akwati a bakin teku.

Duk da haka bango ya tsage a 2010. Akwai wani magani, chlormequat, da manoma ke fesawa don rage wa itacen yawan toho. Ba ya cikin jerin abin da ake aunawa a Indiya a wannan shekara, Turawa kuwa suka auna suka same shi. Akwatuna suka tsaya a tashoshin Turai, kaya ya lalace ko aka sayar da shi a wulakance. Manoman sun bi dokar da aka ba su, dokar ce ta yi giɓi, amma su da 'yan kasuwa suka ɗauki asarar. Bayan wannan aka faɗaɗa jerin. Daga cikin waɗanda abin ya ƙona akwai wani mutumin Nashik, Vilas Shinde, wanda ya tara manoma suka kafa kamfanin Sahyadri a Mohadi. Wata doka ta 2002 ta ba manoma damar kafa kamfani irin wannan, wanda masu hannun jarinsa su ne masu noman. Ya girma har ya shiga sahun gaba cikin masu fitar da inabi daga ƙasar.

Akwai wani irin taimako dabam da aka gwada a jihar nan, shi kuwa ya kamata a dube shi da kyau. Ya shafi gidajen matse inabi don yin giya. Mai karatu Musulmi ba ruwansa da giya, amma abin da ya sami manoman ba a cikin kwalba yake ba, cikin ciniki yake.

Kamfanin Sula ya fara aiki a Nashik a 1999. A 2001 Gwamnatin jihar ta fito da tsari don ƙarfafa wannan sana'a. Ta yafe wa gidajen matsa harajin giya har shekara 10, ta sauƙaƙa samun lasin, ta keɓe musu filaye a Vinchur cikin lardin Nashik da Palus cikin lardin Sangli. Nufinta shi ne manomi ya sami wata ƙofa ta sayar da kaya. Gidajen matsa suka tashi daga 'yan ƙalilan zuwa gommai, waɗansu ma manoma ne suka ci bashi suka gina. Mutane suka dasa irin giya, su Shiraz da Cabernet Sauvignon da Chenin Blanc, bisa alkawarin kamfani zai saya.

Sai ga 2008. Kasuwar duniya ta faɗi, cikin Nuwamba kuma 'yan bindiga suka kai hari Mumbai, baƙi suka ɗauke ƙafa daga manyan masaukai inda aka fi sayar da giyar. Tankuna suka cika ba mai saye. Kamfanin da ya fi kowa girma a lokacin ya nutse cikin bashi. Gidan matsa da tankinsa ke cike ba ya sayen sabon inabi, ko da an sa hannu a takarda. Inabin giya kuwa ƙanana ne, ga ƙwallo, ga kaurin fata, ba mai sayensa don ci. Mai inabin ci in Turai ta ƙi, ya kai Delhi ko Kolkata, ko ya shanya ya yi zabibi kamar yadda mutanen Tasgaon da Sangli suka gwanance, ya ajiye a ɗakin sanyi har kuɗi ya yi kyau. Mai inabin giya ƙofarsa ɗaya ce, ta kuwa rufe. Da yawa suka tumɓuke itatuwan da suka yi shekaru suna reno, waɗansu suka sare suka aura musu irin ci. A 2009 Gwamnatin jihar ta ƙara wa gidajen matsa wani taimako, ta riƙa mayar musu da yawancin harajin ciniki. Manyan sun farfaɗo, ƙananan da dama ba su sake tashi ba.

In aka auna, yafe haraji ya gina masana'anta da sauri, amma amfaninsa ga mai kamfani ya fara zuwa, manomi sai abin da ya gangaro. Ɗakin sanyi da ɗakin awo da shawarar mako mako kuwa sun daɗe kafin su nuna, amma suna hannun mai gona ko kusa da hannunsa. Har yanzu inabin da ke shiga gidajen matsa bai wuce kashi 2 ko 3 cikin 100 na abin da ƙasar ke nomawa ba.

Kada kuma a zaci kowa ya tsira. Abin da ake fitarwa ƙetare wajen kashi 1 ne cikin 10. Sauran yawancinsa har gobe ɗan kasuwa ne ke zuwa gona ya yi ciniki da baki, ya kwashe kaya ya ce kuɗi sai ya sayar, kuma ba shekarar da ba a jin ƙarar wanda ya tafi bai komo ba. Ga kuma sama. Ƙanƙarar da ta zuba cikin Fabrairu da Maris na 2014 ta faɗa wa gonaki ana dab da girbi, sa'an nan ruwan da ya zarce har Oktoba da Nuwamba a 2019 ya sami itatuwa suna toho, fumfuna ta cinye su. Masu hali sun fara rufe gonakinsu da rumfar leda, mai eka 2 kuwa kuɗinta ya fi ƙarfinsa.

Masu noman inabi na wajen Kudan da Hunkuyi a jihar Kaduna, waɗanda su ma da almakashi suke tsara wa itacensu shekara, za su gane yawancin wannan labari ba sai an fassara musu ba. Inabinsu shi ma in ya nuna, mai saye yana tsaye bakin gona da motarsa.