Ɗakin da Aka Share

Karanta Matiyu 12:43-45.

'Yan'uwa, tramol maganin ciwo ne, amma samari suna shansa domin ƙarfin noma ko tuƙin kabu-kabu. In ya yi yawa, yakan kā da mutum kamar farfaɗiya. Wanda ya saba, in ya bari farat ɗaya, sai zufa, ciwon jiki da rashin barci. Ku kai shi wurin likita, a rage masa sannu-sannu.

Amma barin ƙwaya bai isa ba. Yesu ya nuna mana, ɗakin da aka share aka bari wofi, mugun ruhu yakan komo cikinsa. Zaman banza ɗaki ne wofi. Ku kai ɗanku wurin tela, maƙeri ko makaniki ya koyi sana'a. Ku ci tuwo tare, ku yi addu'a tare.

Tambaya: Wane mai sana'a cikin ikilisiyarku zai karɓi saurayi ɗaya bana?