Gigin Tsufa da Sauyin Halin Iyayenmu

Daga cikin al'amuran da ke kawo iyalai wurinmu a sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, da waɗanda maƙwabtana na Tudun Jukun kan tare ni da su a ƙofar masallaci bayan sallar isha'i, babu mai ciwo a zuciya kamar sauyin halin tsoho. Domin mantuwa ita kaɗai mutane kan jure ta, amma ran da dattijon da aka sani da haƙuri da kawaici ya ɗaga wa jikansa sanda, ko ya tuhumi matar da suka yi shekara arba'in tare da sace masa kuɗi, to ran nan gida kan rikice, a shiga neman wanda ya yi asiri.

Gigin tsufa cuta ce ta ƙwaƙwalwa, ba kowane mai yawan shekaru take kamawa ba. Wani bincike da likitoci suka yi a kan dattawan nan Zariya, aka buga shi a 2011, ya sami kusan mutum uku cikin ɗari da ita, mafi yawansu kuwa nau'in da ake jingina wa Alois Alzheimer, likitan Jamus da ya fara bayaninsa a 1906. Matar da ya yi nazari a kanta, tana da shekara 51, cikin alamun farko da aka gani gare ta har da tsananin kishi da zargin mijinta. Watau tun asali sauyin hali yana cikin cutar.

Me ke kawo wannan sauyi? Allah cikin hikimarSa ya sanya ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna isar wa juna saƙo ta hanyar wasu sinadarai, ɗaya daga cikinsu shi ne sirotonin, wanda masana suka tace shi daga jini a 1948. Kimanin kashi 90 cikin 100 nasa a hanji yake, ɗan ragowar kuwa wasu ƙwayoyi ne ke sarrafa shi can a gindin ƙwaƙwalwa, kusa da inda ta haɗu da laka, daga nan su aika shi ko'ina. Yana da hannu a barci, da sha'awar abinci, da natsuwar rai, da iya danne fushi, har ma sinadarin da ke sanar da jiki cewa dare ya yi daga gare shi ake samo shi. Matsayinsa ga zuciyar mutum kamar na linzami ne ga doki. Da aka duba ƙwaƙwalwar waɗanda suka rasu da cutar Alzheimer, sai aka tarar ƙwayoyin da ke sarrafa sirotonin sun ragu ƙwarai. Akwai kuma wani nau'i na gigin tsufa mai fara cin ƙwaƙwalwa ta ɓangaren goshi, wanda kan zo tun kafin shekara 65, inda raunin sirotonin ya fi bayyana: mutum bai mance sunan kowa ba tukuna, amma kunya ta fita daga idonsa, yana faɗin abin da bai taɓa faɗa ba gaban surukai, yana wawurar zaƙi kamar yaro. Sirotonin dai ba shi kaɗai ne sababi ba, yana ɗaya daga cikin sabubba.

Na sha ganin tsohuwa wadda da rana lafiya lau take, amma da la'asar sakaliya sai ta ƙulle 'yan tsummokaranta a ɗankwali, ta nufi zaure tana cewa za ta gida, babanta na jiranta, alhali ya daɗe a ƙasa. Surukar wata irin wannan ta ce mini, "Likita, wallahi da an kira magariba Inna sai ta zama wata, mu dai mun ce iska ne." Na fahimci dalilinta, tun da magariba lokaci ne da muka tashi muna jin tsoronsa, sai dai wannan ruɗewa ta faɗuwar rana sananniya ce ga masu wannan cuta a ko'ina cikin duniya, gajiya da raguwar haske da lalacewar tsarin barci ke haɗuwa su haifar da ita. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne idan aka kai ga kiran irin wannan baiwar Allah mayya, don kawai ta yi sambatu ta ambaci matattu. Ai malamanmu na fiƙihu sun daɗe da bayyana cewa wanda hankalinsa ya gushe taklifi ya sauka daga kansa. Wanda shari'a ta yi wa uzuri, ina dalilin da 'ya'yansa za su riƙe shi da laifi?

Tambayar da kan biyo baya ita ce ta magani. Akwai magungunan da ke ƙara wa sirotonin daɗewa a tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, amma wajibi ne in faɗi iyakarsu. A wani gwaji da aka yi a Amurka da Kanada kan mutum 186, aka buga a 2014, citalopram ya rage tashin hankali, amma ya taɓa bugun zuciya, ya kuma ɗan rage kaifin tunani. A Ingila kuwa, a 2011, an gwada sertraline da mirtazapine don baƙin ciki ga masu gigin tsufa, ba su fi ƙwayar da ba magani a cikinta amfani ba. Saboda haka kafin in rubuta kome, nakan fara neman abin da tsohon ya kasa faɗa da bakinsa: ciwon gwiwa ko haƙori, taurin bayan gida, ciwon mafitsara, zazzaɓi, ƙishirwa, ko kunne da ya daina ji. Sau da yawa da an kawar da wannan sai rikicin ya lafa. A kunna fitila tun kafin duhu, a rage hayaniya, kada a yi gardama da shi, in tsohuwa ta ce za ta gida, a ce, "To Inna, bari mu sha fura tukuna." Addu'a da karatun Alƙur'ani a kusa da shi, da murya mai taushi, suna sanya wa da yawansu natsuwa, ba su kuma hana zuwa asibiti.

Abin da nake roƙo da babbar murya shi ne a bar sayo wa tsoho maganin barci a kemis. Diazepam kan jawo faɗuwa da karaya, amitriptyline kan ƙara ruɗewa, magungunan taɓin hankali masu ƙarfi kuwa tun 2005 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin cewa suna ƙara haɗarin mutuwa ga irin waɗannan marasa lafiya. Haɗa tramadol da maganin sirotonin yana iya kawo zazzaɓi mai zafi da karkarwa da fita hayyaci. Wanda zai kawo mahaifinsa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ya zo da dukkan magungunan da yake sha, har na gargajiya, ya kuma taho da wanda ke kwana da shi, domin shi ya san abin da ke faruwa da dare. In likita ya ga dacewar ba da magani, da kaɗan ake farawa, yakan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsa, kuma ba a yanke shi farat ɗaya sai an koma an yi shawara.