Amsoshin Tambayoyinku: Wa Ke Shuka Kauci a Kan Bishiya?

Malam Isa daga Nguru a jihar Yobe yana tambaya: wai wa ke shuka kauci a reshen kaɗanya, alhali ba wanda ya hau ya dasa?

To Malam Isa, an gode. Tsuntsaye ne ke shuka kauci. 'Ya'yan kauci danƙo gare su. Idan ƙaramin tsuntsu ya ci, ƙwayar takan manne masa a baki, sai ya goge bakin a jikin reshe. Nan ƙwayar ke liƙewa, ta tsiro, ta riƙa shan ruwan bishiyar har ta raunana ta.

Sai dai alherin tsuntsaye ya fi wannan ɓarna nesa ba kusa ba. Cilakowa da 'yan uwanta sukan ci 'ya'yan ɓaure da cediya, su tashi, su kasayar da irin a wani wuri mai nisa, da takinsa a haɗe. Shi ya sa ake ganin cediya ta tsiro a tsagar katanga. Balbela kuma tana rage fara, ungulu tana kwashe mushe.

Don haka, iyaye, a ja wa yara masu harbin tsuntsaye da danƙo kunne.