Yoyon Kududdufin Kifi da Tankin Ruwa: Yadda Ake Gano Shi da Yadda Ake Toshe Shi

Makarantar da ta gina kududdufin kifi domin darasin aikin gona, ko tankin siminti domin ban ruwan lambu, takan wayi gari ta tarar ruwa ya ja baya. Nan da nan sai a ce yoyo ne, a kira magini. Sau da yawa kuwa ginin lafiyarsa ƙalau, rana da iska ne suka sha ruwan. A lokacin hunturu da bazara, a ƙasar Hausa, ruwan da ke buɗe yana iya raguwa da kusan santimita 1 a yini ta hanyar tashi sama a matsayin tururi. Kududdufi mai tsawon mita 3 da faɗin mita 2, idan ya sauka da santimita 1, ya yi asarar lita 60 ke nan, wato jarka uku masu lita 20, alhali ko ɗigo bai bi ta ƙasa ba.

Saboda haka aikin farko shi ne rarrabe yoyo da tashin tururi, kuma ɗalibai na iya yin wannan da bokiti ɗaya. A zuba ruwa a bokitin, a ajiye shi cikin kududdufin a kan bulo, yadda ruwan ciki da na waje za su yi daidai. A yi alama a duka biyun, a bar su sa'o'i 24 ba tare da an ɗiba ko an ƙara ba. Rana ɗaya ta buge su, iska ɗaya ta kaɗa su. Idan sun sauka tare, babu yoyo. Idan na waje ya fi na bokiti sauka, bambancin shi ne abin da ke zurarewa.

Gano wurin yana bukatar haƙuri. A kwashe kifi, a ƙyale ruwan ya yi ta sauka har ya kai inda raguwarsa ta koma daidai da ta bokiti; kafar tana kan wannan layi. Idan ya ƙafe ƙurmus, to matsalar a gindi take. Wurin da ake zargi, a ɗiga masa bula kaɗan lokacin da ruwa ya natsu, za a ga launin yana bin tsagar. A fara duba bakin bututu da kusurwar da bango ya haɗu da daɓe, domin nan ne aka fi samun ɓaraka. Dalili kuwa shi ne, ruwa mai zurfin mita 1 yana danna kowace murabba'in mita ta gindi da nauyin kilogiram 1,000, don haka tsagar da ke ƙasa ta fi ta sama zubar da ruwa ko da girmansu ɗaya.

Gyaran siminti

Shafa siminti a bayan tsaga ɓata kuɗi ne, ba ya daɗewa yake ɓamɓarewa. Sai a sassaƙe tsagar a faɗaɗa ta, a kankare gansakuka, a wanke, a jiƙa wurin sosai, sannan a cusa kwaɓin siminti awo 1 da yashi mai laushi awo 2. Jiƙawar tana da hujja. Siminti, wanda Joseph Aspdin ya yi wa rajista a Ingila a 1824, ba bushewa ke sa shi ƙarfi ba, haɗuwarsa da ruwa ce ke haifar da ƙananan duwatsu masu sarƙe juna. Busasshen bango yakan tsotse ruwan kwaɓin kafin aikin ya kammala. Don haka ake rufe gyaran da jiƙaƙƙen buhu, ana yayyafa masa ruwa kwana 7 aƙalla. Ƙarfinsa kuwa sai wajen kwana 28 yake kusan cika.

Akwai haɗarin da ake yawan mantawa da shi. Sabon siminti yana sakin sinadari mai kaifi irin na ruwan toka, wanda kan kai 12 a ma'aunin pH, alhali kifi yana son tsakanin 6.5 da 9. Wanda ya mayar da tarwaɗa washegarin gyara zai iya rasa su duka. Sai an cika, an bar ruwan ya kwana biyu, an zubar, an maimaita har ma'auni ya sauko.

Yumɓu da laso

Kududdufin ƙasa kuwa yumɓu ne maganinsa. Ƙwayar yumɓu ba ta kai milimita 0.002 ba, kuma idan aka jiƙa shi aka tattake, ƙwayoyin sukan manne har ruwa ya rasa hanya. Da wannan dabara James Brindley ya daɓe magudanar jiragen ruwa ta Bridgewater, wadda aka buɗe a Ingila a 1761. Ana shimfiɗa shi hawa-hawa, kowane hawa kamar santimita 15, a kirɓa kafin a ɗora wani. Ƙasar da aka jiƙa aka murza ta yi igiya ba ta karye ba, ta isa aiki. Sharaɗinsa ɗaya ne: kada a bar shi ya bushe, domin da zarar ya dare, aiki ya koma baya.

Magina da marinan ƙasar Hausa sun daɗe da tasu hanyar. Rijiyoyin rini irin na Ƙofar Mata a Kano da laso ake shafe su. Ana ɗebo katsi, wato abin da ke kwantawa a gindin rijiyar, a busar, a ƙona, a daka, sannan a kwaɓa da gashin jima da ruwan dafara mai yauƙi. Gashin yana riƙe kwaɓin yadda ƙaramar tsaga ba za ta yi nisa ba, kuma wannan aikin ne zaren roba da ake zubawa cikin kankare a yau yake yi.

Kaskon da tantabaru ke sha da wanka a ciki, idan na ƙasa ne, nasonsa ba aibu ba ne. Irinsa ne ke sanyaya ruwan randa. Idan ya tsage, sauya shi ya fi liƙe shi da kwalta ko fenti, domin tsuntsaye daga cikinsa suke sha.