HALITTU MASU WANKE RUWAN MASANA'ANTU: ABIN DA SUKE IYAWA DA ABIN DA YA FI ƘARFINSU

Ya ku ɗalibai, duk wanda ya taɓa bi ta unguwannin masana'antu na Kano, wato Bompai da Sharaɗa da Challawa, hancinsa ya ba shi labari tun kafin idonsa ya gani. Majemu da sauran masana'antu sun daɗe suna sakin dagwalonsu cikin rafuka. Na Bompai yakan bi rafin Getsi ya faɗa kogin Jakara, inda masu lambu ke ban-ruwa. A wannan darasi za mu duba yadda ake sa halittu masu rai su wanke irin wannan ruwa, mu kuma ga inda ƙarfinsu ya tsaya.

YAYA HALITTA KE WANKE RUWA?

A cikin ruwa akwai ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, ana kiransu bakteriya. Abincinsu shi ne jini, kitse, guntun nama, sitaci, da duk abin da ya fito daga dabba ko tsiro. Idan aka zuba dagwalo cikin kogi, sai su yi ta ci suna hayayyafa, har su shanye iskar oksijin da ke cikin ruwan, kifi ya mutu, wari ya tashi. Dabarar masana ita ce a bar su su ci abincin nan a wurin da aka tanada, kafin ruwan ya kai kogi.

HANYOYI HUƊU

1. Jerin kududdufai. Ana haƙa guda uku a jere. Na farko mai zurfi ne, kamar mita 3 zuwa 4, laka takan kwanta ta ruɓe a ƙasansa. A na biyu gansakuka ke samar da oksijin da taimakon hasken rana. A na uku, marar zurfi, rana ke kashe ƙwayoyin cuta. Hanyar tana son fili da zafin rana, mu kuwa ba mu rasa ko ɗaya ba. Da ita birnin Nairobi na Kenya ke aiki a Dandora.

2. Laka mai rai. Ardern da Lockett ne suka fito da ita a Manchester ta Ingila a 1914. Ana hura iska cikin tanki, a bar lakar ta kwanta, a mayar da wani kashi nata don ta ci gaba da aiki. Tana da sauri, amma idan lantarki ya ɗauke na tsawon lokaci, ƙwayoyin sai su shaƙe.

3. Rufaffen tanki. Wasu bakteriya ba sa son oksijin. Su ne ke ruɓar da dagwalo mai kauri, irin na mayanka, su ba da gas ɗin da ake iya girki da shi.

4. Fadamar da aka gina. Ana bi da ruwan ta cikin tsakuwa da aka shuka kacala ko jema a kai. Saiwoyinsu ne gidan ƙwayoyin.

INDA GIZO KE SAƘA

Duk waɗannan hanyoyi ba sa iya ruɓar da ƙarfe. Majemu na zamani suna aiki da sinadarin kuromiyam, kuma idan ya yi yawa, ƙwayoyin ma yakan kashe su. Saboda haka dole a fara zuba wa ruwan farar ƙasa ko makamancinta, kuromiyam ya kwanta a kwashe shi, sa'an nan a miƙa sauran ga bakteriya.

Mu mutanen Anka da Bukkuyum mun ga wannan gaskiya da idonmu. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano gubar dalma a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma, inda ake niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje, ana wanke garin da ruwa. Yara kimanin 400 suka rasu. Babu ƙwayar halittar da ta iya cinye dalmar nan. Sai da aka kankare ƙasar gidaje, aka binne ta a ramuka, aka kawo sabuwa. Bagega sai a 2013 aka yi mata wannan aiki. Tsiro yakan iya zuƙar ɗan ƙarfe, amma a jikinsa yake ajiye shi. Akuyar da ta ci shi ta ci guba.

Doka dai akwai ta: an kafa hukumar FEPA a 1988, ta fitar da ƙa'idar zubar da ruwan masana'antu a 1991, NESREA kuma ta gaje ta a 2007. Sai dai doka ba ta tafiya da ƙafarta. Tana bukatar mutane masu sani da tsoron Allah.

GWAJI

Ku zuba ruwan gasara da ɗan ruwan kududdufi cikin kwalabe biyu, rabi-rabi. Ku toshe ɗaya, ɗayar ku bar ta buɗe kuna girgiza ta sau da yawa kullum. Bayan mako guda ku sunsuna, ku rubuta bambancin da dalilinsa. Ku wanke hannu da sabulu.

ABIN TUNAWA

Littafin Farawa ya koya mana cewa Allah ya sa mutum cikin gona domin ya noma ta, ya kuma kiyaye ta. Wataƙila a cikinku akwai wanda zai kafa majema ko injin niƙa dutse nan gaba. Kafin ya saki ko guga ɗaya, ya tambayi kansa: me ke cikin ruwan nan, abin da ke ruɓewa ne ko ƙarfe? Ya kuma tuna cewa abin da aka zubar a sama da kogin Zamfara, mutumin Gummi ne zai ɗiba a ƙasa.